Jar Laka a Ƙasan Duro

"...Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar hanya? Ko da yake mai ɗauko ma mijinta ajali ba ta gajiya."

Anisa ta durƙusa ta gaida kakanta Labbo, amma idonta na kan Woɗe, jar saniyar da ya fi ƙauna. Gashin jelarta ya zube, kofatanta sun tsattsage. Shanu biyu sun riga sun mutu bana. Awon da Anisa ta yi a jami'a ya nuna ruwan rijiyar rugarsu ta bayan Jangeru na ɗauke da siliniyam, gubar da ido ba ya gani. Shi ya sa ta zo da duro, da farantan ƙarfe biyu, da batirin sola da wayoyinsa. A ƙaramar kwalba kaɗai ta taɓa gwada aikin, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

"Angona, in kashe ka in gaji mi? Sanda da tsohuwar malafa?"

"Da hauren nan guda da ya rage min a baki. To mi za ki yi da wayoyin ga?"

"Wuta zan sa ma ruwan. Ƙarfen zai saki tsatsa, tsatsar ta kama gubar, su kwanta ƙasa tare."

Labbo ya ja da baya taku uku.

"Wuta cikin ruwa? Gabana wayar lantarki ta hwaɗa kududdufi a Ƙaura, bijimin Maccido ko kuka bai yi ba!"

"Ashe jarumin da ke korar kura da tari yana tsoron batir."

"Kura ba ta zuwa da digiri."

Ta cika duron da ruwan rijiyar, ta zura farantan, ta haɗa wayoyin. Ruwan ya fara ƙananan kumfa, ya yi kore-kore, ya koma ja. Labbo na daga nesa yana salati. Da ta cire batirin aka jima, saman ruwan ya washe, jar laka ta kwanta ƙasa. Ta tsiyaye na saman cikin bokitai, ta shiga bukka neman ƙyallen tacewa.

Tana fitowa ta hange shi. Ya kwashe lakar cikin ƙwarya, ya miƙa wa Woɗe, saniyar har ta zaro harshe.

"Kaka, a'a!"

Ba ta san lokacin da ta isa ba. Ƙwaryar ta yi sama ta kife.

"Ke! Maganin kika zubar? Ba irin jar kanwar da muke ba su ba ce?"

"Gubar duron duka ce a ciki! Rami za a gina a binne ta, nesa da rijiya."

Labbo ya dubi lakar, ya dubi bakin saniyar. Ya buɗe shi da yatsunsa yana leƙawa. Babu ja ko ɗigo. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yau kin kira ni Kaka," ya ce. "An sake ni ke nan?"

"Saki uku. Wa ke zama da mijin da ke ba kishiyata guba?"

Dariya ta kuɓuce masa, yana share ido da hannun riga.

"Na yarda, kin fi ni. Tace ruwanki, ki auna shi sau goma. In Woɗe ta tashi ta haihu, maraƙin naki ne. Kuɗin biko."

"Da hauren?"

"Da hauren."