Karkataccen Hancin Don Anselmo

"Lafiya lau, mijin banza. Ina fuskar tsohona?"

Da haka Doña Casilda ta amsa gaisuwar jikanta Efraín. Ni maƙwabciya ina bakin ƙofa ina gyara furannin ranar matattu, ranar da ake cewa mamata kan ziyarci gida, wadda saura kwana ɗaya. Kafin kakansa Don Anselmo ya rasu, Efraín ya ɗauki siffar kansa da na'ura, kwafi ɗaya tak, da alkawarin fitar da gunkinsa a ɗora kan teburin tarbar mamata. To, umarnin da ya rubuta wa kwamfuta don tsabtace siffar sai ya yi aikin da ba a sa shi ba. Da na ga gumin wuyansa, sai na matso kusa.

Ta leƙa allon, ta ja da baya tana zana gicciye a ƙirji.

"Wane ne wannan kyakkyawan? Ina hancin da alfadari ya karya?"

"Gyara na yi miki, tsohuwa. Shekara hamsin kina haƙuri da muni."

"Kishi ne! Ka ga ba ka kai shi ba, ka bi shi har kabari."

"Kar ki taɓa teburin nan!" in ji Efraín. "Na tsayar da aikin a layi na sittin na umarnin. Na gaba zai adana baƙon nan a kan na asali, shi ke nan mun rasa Kaka."

"Ba ka ajiye wani ba? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Gobe in ya zo bai gane kansa ba, ɗakinka zan nuna masa."

"Haba matata, kya so zama gwauruwa sau biyu?"

Ya katse aikin, ya faro daga sama. Ya danna, mu dubi fuska, ya sake dannawa. A layi na ashirin da uku hancin ya miƙe tsaf.

"Ga ɓarawon! Layin da nake daidaita fuskar 'yan tsana da shi ne, yana kwafo dama ya manna a hagu."

"Mijina ka mayar ɗan tsana?"

Ya goge layin, ya sake gwadawa. Hancin ya tsaya a karkacensa.

Ta daɗe tana shafa allon, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta yi dariya, ta ɓallo burodin matattu ta miƙa masa.

"Ungo, ka ci. Rabi kawai fa, mai gidan yana hanya."