Jan Ɗigon da Ya Tona Ni a Gaban Surukina

Zuwa ga Mai Girma Manajan Shagon Bindigogi da ke bayan titin Wendover, uban gidan ma'aikata masu fara'a, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ke wuni a tsakiyar bindigogi, da fatan kasuwa na tafiya. Ni ne dattijon nan mai farar hula da ya zo shagonka ranar Asabar da maiɗakinsa da surukinsa. Na san ba ka jin Hausa. Ka sa a fassara maka, domin da a ce da Turanci na rubuta, da ladabina ya zube a hanya.

Bari in faɗa maka abin da ya kawo ni, kada ka ɗauka ni mai son faɗa ne. Gidana yana McLeansville, inda sai ka tada mota kafin ka gaida maƙwabci. Ina da kaji, ina da lambun yakuwa da kuɓewa da attaruhu, kuma wallahi su ne suka sa zaman ƙasar nan ta Amurka ya yi mini daɗi. A bazarar nan wani ya ɓalle mana ɗakin ajiya da rana tsaka ya ɗauke injin yankan ciyawa, ina wurin aiki, maiɗakina Hajiya Suwaiba ita kaɗai a gida. Tun ranar ta kafe: ko a samo abin tsare gida, ko mu koma afatmen ɗin da muka baro a Wendover, a yanka kajin a raba wa jama'a. To ka ji abin da ke wuyana. Yanzu ga kokena.

Na ɗaya. Ma'aikacinka Elnathan, Allah ya ƙara masa haske, ya ajiye mini ƙananan bindigogi biyu. Ɗaya da saitin ƙarfe, wato ka jera tsinin gaba a tsakiyar tsagar baya ka ja kunama, ba ruwanta da batir. Ɗayar kuma an ɗora mata ɗan gilashi mai jan ɗigo, wanda kuke kira red dot, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai bi. Na tambaye shi wacce ta fi. Sai ya ce wai ya danganta da ni. Haba, ranka ya daɗe! A kasuwar Sabon Gari ko buta za ka saya, ɗan kasuwa zai dafa ƙirji ya ce ɗauki wannan Alhaji, in ta yi yoyo ka dawo. Da na san wacce ta fi, me zai fito da ni cikin cunkoson Wendover ranar hutu?

Na biyu, kuma nan ne babbar magana. Na ɗaga mai saitin ƙarfe, tsinin gaban ya zama hazo. Na ajiye abina kamar nauyinta ne bai yi mini ba. Na ɗaga mai gilashi, ɗigo ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Na karkata hagu, na karkata dama, ina nema kamar masu duban watan Sallah. Da ya ga dama ya fito, sai na ga ba ɗigo ba ne, wani jan dabbare ne mai jela kamar manja ya ɗiga a farar riga. A daidai nan ma'aikacinka ya ɗaga murya ya tambaye ni ko ina ganinsa sosai. A gaban wa? A gaban mijin 'yata Bebi, wanda ya kawo mu a motarsa. Ranka ya daɗe, a wajenmu ko abinci ba na ci a gaban wannan bawan Allah. Ko zazzaɓi ke kaɗa ni, in ya gaishe ni lafiya lau zan ce. Shi ne zan buɗe baki in ce masa idona ya tsufa? Na ce ina gani sarai, har na ƙara da cewa a ba ni ita in gwada.

Na uku. Wane ne ya jera takardun harbi kusa da juna haka a ɗakin gwajinku? Na auna tsakiyar dabbaren, na yi bismillah, na harba. Aka jawo takardata, fes, ko ƙwarzane babu. Sai wani ƙaton Bature mai gemu da ke layin kusa da ni ya leƙo ya yi mini godiya, wai na taimaka masa da rami ɗaya. Mijin Bebi, da yake ɗan mutunci ne, ya juya wa bango yana karanta dokokin wurin. Amma ban taɓa ganin dokar da ke sa kafaɗun mutum rawa ba.

Na huɗu. Da mutum ya ga dattijo ya faɗi, ai kawar da kai yake yi. Elnathan kuwa sai ya zaro waya ya ɗauki hoton ɗigon ta cikin gilashin, ya nuna wa kowa: ga shi nan kewayayye tsaf, ba jela ba komai. Ya ce ashe gilashin lafiyarsa ƙalau, idona ne, har ya kira sunan ciwon da wani dogon Turanci, ya ce tabarau zai gyara. Hajiya ta ce, "Yauwa, faɗa masa ɗana, ni na gaji." Ranka ya daɗe, shagon bindiga ka buɗe ko asibitin ido?

Na biyar. Wa ya ce masa ya miƙa wa Hajiya bindiga? Ni dai ban ce ba. Ta gyara mayafi, ta sa abin toshe kunne a kan ɗankwali, ta saurari bayani kamar mai ɗaukar darasi. Ta gwada mai saitin ƙarfe, ta ce wannan ta cika sa ido aiki. Ta karɓi mai ɗigo, da idanunta biyu a buɗe, ta zuba harsasan wuri ɗaya, tafin hannu ya rufe su. Baturen nan mai gemu har da tafi. Ba ta ko dube ni ba ta ce mai ɗigon za a ɗauka, batir kuwa ta fi ƙarfin mantawa da shi. Aka yi takardu da sunanta, ta yi rajistar ajin koyo, aka haɗo mata da akwatin ƙarfe da ba ya buɗewa sai da babban yatsanta. Nawa na gwada da muka isa gida, ya yi mini jar wuta.

Kada ka ce ban da godiya. A mota Hajiya ta sanar cewa ta fasa komawa afatmen, kuma na ji daɗi har raina, don da an yanka kajin nan ban san me zan tashi in yi da safe ba. Roƙona ɗaya ne. In dattijo ya zo shagonka da suruki, ka sa ma'aikatanka su ja shi gefe kafin su tambayi idonsa. Ku bar mutum ya zaɓi bindigarsa da mutuncinsa a jikinsa.

Domin jiya da la'asar ina ba kaji hatsi, wata baƙuwar mota ta tsaya a bakin gida. Ni maigida, uban 'ya'ya, kakan jikoki, sai na ji bakina yana kiran Hajiya. Ta leƙo ta taga, ta ce in kwantar da hankalina mai kawo saƙo ne, tabarauna suka iso.

Ka huta lafiya, Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye ka da zuwa kasuwa da suruki.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Malam Husaini Mai Kaji,
McLeansville.