Tuwona a Kwamfutar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da na fara cin abinci a gaban surukina. Wani zai ce mene ne abin labari a nan. To, ai ba ku san irin wahalar da na sha wajen gina mutuncin da ya rushe a ranar ba.

Tun da na auri Hauwa ban taɓa sa ko ruwa a bakina a gidansu ba. Gidan nasu nan Tudun Wada yake, 'yan layuka ne tsakaninmu. Mahaifinta, wanda muke kira Baba, tsohon hedimasta ne, irin mutanen nan da in suka dube ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Lokacin neman aure an tsegunta mini cewa ya ce shi bai yarda da "yaran kwamfutar nan" ba, wai babu natsuwa a tare da su. Ni kuwa malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Hanwa. Don haka na ɗaura ɗamarar nuna masa cewa duk Zariya babu natsattse kamata. In na je gaisuwa, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai, in yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. In an kawo abinci in ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake." Sannu a hankali har ya fara faɗa wa abokansa cewa surukinsa mutum ne mai kamun kai. Wallahi wannan yabon ya fi mini takardun makarantata daraja, kuma shi nake ta lallaɓawa kada ya zube.

Cikin neman ƙarin fada ne na yi masa kyautar kwamfuta. Tsohuwa ce ta kan tebur, tawa ta kaina, wadda na daɗe ina aiki da ita a ofis. Da makaranta ta sayo mana sabuwa, sai na kakkaɓe tsohuwar, na goge ta da tsumma har tana ƙyalli, na ɗora a keke na kai masa don ya riƙa sauraron karatu ta intanet. Ya sa mini albarka, na dawo gida ina jin kaina a sama. (Ku riƙe wannan kwamfutar a ranku. Ni da na manta da ita, ga ni nan ina ba ku labari.)

Ba a daɗe ba Hauwa ta haihu, haihuwar fari, aka tafi da ita gida wankan jego kamar yadda aka saba. Aka bar ni ni kaɗai da tukwane.

A daidai lokacin ne kuma rigimar manhaja ta taso. Akwai wata manhaja da na daɗe ina amfani da ita, mai haɗa kwamfuta biyu. Za ka ware folda guda, duk abin da ka jefa a cikinta a wannan kwamfutar sai ya bayyana a waccan, in ka goge a nan ya goge a can. Ƙaramar kwamfutata ta hannu na sa mata suna Gida, ta wurin aiki kuma Ofis. Da ita nake tura tambayoyin jarrabawa ba sai na yi ta yawo da filashi a aljihu ba. Da sabuwar kwamfuta ta zo, na sa mata manhajar a gurguje, na ɗauka shi ke nan.

Sai abu ya ƙi. In na ajiye fayil a gida, manhajar ta ɗan yi juyi, ta nuna mini alama koriya shar, ta ce komai ya isa Ofis. In na je makaranta na buɗe, in tarar da foldar wayam. In dawo gida, alamar nan tana nan koriya, ko kunya babu.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna. Na cire manhajar daga sabuwar kwamfutar na sake sa ta. Na gyara agogon kwamfutocin biyu don su zo daidai. Na kashe maganin bairos, ƙwayar cutar nan ta kwamfuta, na canja layin waya, na zagi kamfanin layin, na koma tsohon layin na ba shi haƙuri. Har kan katanga na hau riƙe da kwamfuta ina neman sabis, maƙwabcina ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Abu ɗaya ne ban yi ba, wato in tsaya in tambayi kaina wace kwamfuta ce take amsa sunan Ofis.

Duk mai wannan sana'a ya san yadda ake gwaji: ka ƙirƙiri ɗan fayil ka jefa, ka ga ko zai fito a ɗaya ɓangaren. Na yi fayil mai suna "gwaji". Na yi "gwaji na biyu". Na yi "gwaji na gaske", da "gwaji na ƙarshe", da "gwaji na ƙarshen ƙarshe don Allah". Daga nan sai wata dabara ta faɗo mini, na ce ƙila ƙananan fayiloli ne take rainawa, bari in gwada ta da manya. Babban fayil kuwa ai bidiyo ne. Na farko fankar silin na ɗauka tana juyawa. Na biyu ƙadangare ne a tsakar gida. Ran nan da yamma, yunwa ta ishe ni, na ce bari in ajiye kwamfutar a kicin ta yi ta ɗauka ni kuma in yi girki, kowa ya yi aikinsa.

A nan ne shaiɗan ya samu wurin zama.

Da farko dai na ɗaura zanin Hauwa a ƙirji, saboda manja ya riga ya ɓata mini riguna biyu. Sannan na ɗaura ɗankwalinta, saboda gumi na ɗiga a tukunya. (Duk da dalilinsu, ku shaida.) Da na hango kaina a allon kwamfutar sai abin ya ba ni dariya. Mutumin da ya yi makonni ba shi da abokin hira sai fanka, me kuke zato? Na gyara tsayuwa, na kalli kyamara na ce, "Masu kallonmu, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na Girki da Maigida. Yau tuwon masara za mu yi, in Allah ya yarda, in kuma bai yarda ba akwai garin kwaki."

Tuwon ya fito da gudaji manya-manya kamar goro. Na ɗaga guda na nuna wa kyamara, na ce wannan sabon salo ne daga ƙasar waje. Na ci ina hawaye, rabi na hayaƙi rabi na gaskiya. A ƙarshe na ce, "Masu kallo, ni dai da zan samu ɗan wake da mai da yaji, da na san ana ƙaunata a duniya." Na jefa bidiyon a folda. Koriyar alama. Washegari a ofis, babu komai.

Amma da na dawo gida, sai ga wani mai acaɓa a ƙofa da kula, ya ce in ji Hajiya, wato surukata. Na buɗe. Ɗan wake, da mai, da yaji, har da dafaffen ƙwai.

Wani mai hankali da a nan ya farga. Ni kuwa sai na kira Hauwa a waya, na ce, "Kin ga abin da ake nufi da zuciya ɗaya? Jiya-jiya na yi sha'awarsa." Na ji ta yi wani irin tari kamar ta ƙware, ta ce, "Maigida, yaron ne ya tashi, zan kira ka," ta kashe.

Shirin ya ci gaba, tunda ai gwaji nake yi. Na yi na miyar kuka, wadda ta tsaya cak a faranti kamar siminti. Na yi na shinkafa da wake, inda shinkafar ta narke waken kuma yana ƙara a baki. Duk abin da na yi sha'awa a ƙarshen shiri, washegari sai ga mai acaɓa. Na fara zargin ko ni ma akwai 'yar baiwa a tare da ni.

Akwai wasu alamu biyu da ya kamata su tashe ni daga barci. Wata rana na goge bidiyon tuwon nan don ya fi kowanne muni, da safe na tarar ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Sannan wani fayil da ban sani ba ya bayyana a foldar, na buɗe na ji karatun tafsiri ne. Na zauna na yi nazari irin na masana, na yanke hukunci cewa bairos ne ya shige ni, amma mai tsoron Allah.

Bidiyon da ya kashe ni shi ne na wata Juma'a. Na je gaisuwa bayan masallaci, aka kawo shinkafa da miyar kaza, na ce a ƙoshe nake. Ina dawowa na ɗaura zani, na kunna kyamara, na zauna gaban kwanon garin kwaki na buɗe cikina. "Masu kallo, yau na ga kaza ido da ido na ce na ƙoshi. Ƙarya nake yi. Cikina ƙugi yake, sai gyaran murya nake ta yi don kada Baba ya ji. Duk gyaran muryar da kuka ji ina yi a gidan nan, ba natsuwa ba ce, yunwa ce." Na jefa a folda, na kwanta.

Da hantsi ranar Asabar Baba ya kira ni, abin da bai cika yi ba. "Malam, in ka samu sarari ka leƙo. Na'urar nan da ka kawo ta ce ta cika, data kuma ba ta kwana."

Na sa babbar riga, na kafa hula, na tafi ina murna za a ga gwaninta. Na tuɓe takalmi a zaure, na durƙusa, na gaishe shi da muryar nan tawa ta mai ciwon haƙori. Ina jin motsi a bayan labulen da ya raba falo da cikin gida, da 'yan ƙus-ƙus, ban kawo komai a raina ba. Baba ya juyo mini da allon ya ce, "Waɗannan ne suke ta shigowa."

Jama'a, ni ne. Layi-layi, daga sama har ƙasa, fuskata ce da ɗankwali. Ga ni riƙe da gudaji. Ga ni ina lasar murfin tukunya. A can saman allo kuma an rubuta sunan kwamfutar ɓaro-ɓaro: Ofis. Ashe tsumma kawai na sa na goge ta, ban cire manhajar ba, ban raba ta da tawa ba. Sabuwar kuwa ko haɗa ta ban yi daidai ba. Duk tsawon lokacin nan koriyar alamar gaskiya take faɗa, ni ne nake ƙaryata ta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bakina ya buɗe da kansa, na ji na ce, "Baba, ina jin bairos ne."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi allon, ya sake dubana. "Ikon Allah," in ji shi. "Bairos ɗin ya yi kama da kai ƙwarai."

Bayan labule aka fashe da dariya. Na gane muryar Hauwa, matar da na yarda da ita. Sai Hajiya ta ɗago murya daga ciki: "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma sai an yi talge kafin a tuƙa tuwo. Kuma abin da kake riƙewa maburgi ne, muciyar na bayan ƙofa." Daga baya na samu labarin cewa kullum bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a kalle ni. Bidiyon tuwon kuma Hajiya ce take sa Hauwa ta dawo da shi duk lokacin da na goge, wai ƙawarta ta Dutsen Abba ba ta gani ba tukuna.

Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, bari in raba su yanzu."

"Za ka raba," ya ce. "Amma ba yanzu ba." Ya yi kira, aka turo tire ta ƙarƙashin labule. Shinkafa da miyar kaza.

Tsohon hali bai barin mutum da sauƙi. Na fara, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙo..."

Ya ɗaga hannu. "Malam, yau ba sai ka yi gyaran murya ba. Bisimilla."

Na ci. Na ci har na tsotse ƙashi, aka ƙaro, na cinye ƙarin. Ina ci Baba na kallon bango yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa, har dai ta ƙwace masa ya cire tabarau yana share ido. Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Na raba kwamfutocin, na haɗa ta ofis cikin 'yan mintuna, na goge bidiyoyin kaf. (An ce akwai su a wayar Hajiya. Ban bincika ba, ba na son in sani.) Yabon kamun kai ya tafi ke nan, bai dawo ba. Yanzu in Baba zai gabatar da ni ga baƙi cewa yake yi, "Wannan surukina ne, mutumin kirki, sai dai kada a bar shi da tukunya." Kuma in na je gidan, ba a tambayata ko zan ci, kawowa ake yi.

Abin da na koya kaɗan ne. In kwamfuta ta ce maka saƙonka ya isa, kada ka tsaya musu da ita. Ka tambaye ta gidan wa ta kai.