Buzu Goma Sha Ɗaya a Tantin Baƙi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta, Gwaggo Hajjo na nan da ranta, ba za ta bari ba.

Shekara uku na yi ina aiki a wani wurin shaƙatawa a bayan Abuja, inda masu hali ke zuwa su kwana a tanti. Tanti ne mai gado da katifa da fanka da wutar sola, wato mutum ya kwana a daji ba tare da dajin ya taɓa shi ba. Da na dawo gida Safana (lokacin hanyar Batsari na da lafiya, kana iya hawa babur ba sai ka bar wasiyya ba) sai na ce ai mu ma Allah bai hana mu duwatsu da iska ba. Na roƙi Baba gonarsa ta gindin dutse. Ya ce, "Rani guda na ba ka. In ruwa ya sauka ban ga baƙon da ya zo ya sake dawowa ba, gyaɗata zan shuka, kai kuma ka kama garma."

Na kafa tanti uku. Wata biyu babu wanda ya leƙo sai awakin maƙwabta. Ana cikin haka wata Hajiya Bilki ta kira ni daga Abuja. Ita ke shirya wa wata ƙungiyar matafiya wuraren hutu, kuma mutanenta ba sa cin nama, ba sa shan nono, ba ƙwai, ba zuma, duk abin da ya fito daga jikin dabba sun yafe. Za ta zo da abokan tafiyarta biyu su gwada wurin, in ya yi musu ta riƙa turo jama'a. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, ai wannan fannina ne."

Daga ranar na hana Gwaggo Hajjo sakat. Ƙanwar Baba ce, ita ta yarda za ta yi girki. Na ƙwace man shanunta na kulle. Na sayo sabuwar tukunya da sabuwar muciya, don kada tsofaffin su tuna nama. Har dunƙulen magi sai da na zauna na karanta bayan ledarsa da tabarau (idona lafiya lau, tabarau ɗin na Abuja ne).

"Kai ɗan nan," in ji ta, "mi kake koya mani? Mu da muka yi damina nawa muna cin tafasa ba don ado ba, kai za ka nuna mana girkin da babu nama?"

"Gwaggo, wannan ilimi ne, ba talauci ba ne."

"To, Allah ya ba mai ilimi haƙuri."

Da na gama da tukunya sai na koma kan adon tanti. A wurinmu in babban baƙo ya zo, buzu ake shimfiɗa masa, fatar rago mai gashi, irin wadda malamai da dattawa ke zama a kai. Na ce baƙina ba za su taka ƙasa ba. Na bi gida-gida na aro buzun kowane dattijo a unguwarmu, har na Liman, har na Baba. Na sayo tumtum na fata daga Katsina, na kafa ƙahon bijimi a saman gado don rataye kaya. Da na tsaya na duba, sai da ƙwalla ta zo min don daɗi.

Ranar Asabar da hantsi mota ta iso. Rabin unguwa sun fito kallo, Baba na tsaye da sandarsa. Bayan doguwar gaisuwa na ja Hajiya Bilki da ƙawarta Madam Ronke da wani Bature mai gajeren wando zuwa babban tanti. Na yaye labule da hannu biyu, kamar mai buɗe sabon asibiti.

Suka yi tsit. Ni kuwa na ɗauka kyau ne ya ɗaure musu baki, sai na ƙara wuta. Na durƙusa na shafa farin buzun da ke gaban gado na ce, "Wannan ragon layyarmu ne na bara. Ni na kiwata shi tun yana ɗan ƙarami, har bakin masallaci yake bina. Da hannuna na feɗe shi, ku duba, ko huji ɗaya babu." Don kada sauran su ji an ware su, na maimaita da Turanci.

Madam Ronke ta toshe baki ta fita. Bature ya ɗaga ƙafa ɗaya yana neman inda zai sauke ta bai samu ba. Hajiya Bilki ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, dabbobi nawa ne suka mutu a cikin tantin nan?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo min. Kuma don tsabar ruɗewa, sai na shiga ƙirgawa da yatsa, a fili, a gaban Baba. Goma sha ɗaya, ban da mai ƙaho. Kunya ta rufe ni.

Gwaggo ce ta ture ni gefe. "Hajiya, ku yi haƙuri, ilimi ne ya yi mashi yawa. Ku zo inuwa ku sha kunun gyaɗa." Ta juyo gare ni. "Kai kuma kwashe gawarwakinka."

Haka na ɗora buzu goma sha ɗaya a ka, da rana tsaka, ina bin gidajen da na aro. Kowane dattijo sai ya tambaye ni, "Baƙin naka sun raina nawa ne?" Liman ya shinshina nasa ya ce shi bai ji warin komai ba.

Kafin in dawo, Gwaggo ta kwaso kayan ɗakinta. Ta shimfiɗa tabarmin kaba da ta saƙa da hannunta, ta rufe gadaje da gwadon auduga, ta jera faya-fayi da ƙore a jikin tanti. Kayan nan ne na sha ce mata na ƙauye ne. Sannan ta sauke dambun gero da zogale, da kwaɗon tafasa mai ƙuli-ƙuli, da ɗanwake da man gyaɗa da yaji. Bature ya yi ƙari har sau uku yana share hawaye. Madam Ronke ta zauna gefen murhu da littafi tana rubuta duk abin da Gwaggo ta zuba a tukunya. Kwana biyu suka yi niyya, sai da suka yi biyar.

Kafin ruwan farko Hajiya Bilki ta dawo da mutum tara. Ranar na tarar da Baba a zaure a kan farin buzunsa. Bai ɗago ba ya ce, "Gyaɗar nan a gonar fadama zan sa ta bana." Na tsaya ina jiran yabo. Ya ƙara da cewa, "Ka gaishe min da Hajjo."

Na isar da gaisuwar, kuma har yau ina alfahari da wurin nan, ko da yake duk baƙon da ya kira waya ita yake fara tambaya. Abin da na koya shi ne, in za ka yi mako biyu kana leƙen tukunyar wani, ka ɗan saukar da kai ka dubi abin da kake takawa. Takalmin da na karɓi baƙin da shi ma na fata ne. Gwaggo ta gani tun da safe, ta ce ta bar min shi ne don kada in rasa abin da zan gano da kaina.