Ni da Fulawoyin Baban Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da iyayena suka je nema mini auren Rukayya ba, don har yau in na tuna sai na ji warin a hancina.

Babanta, Alhaji Sule, duk unguwar Sabo an san shi da fulawa. Mutane na kiwon awaki, shi bokitan fenti ya jera a tsakar gida, kowanne da wata fulawa mai jan ganye, saiwarta kamar makani. Ko ɗigon miya ba a yi da ita, amma ya fi lallashinta a kan 'ya'yansa.

Wata rana na je gaishe shi, na tarar ya tono ɗaya yana jimami. Ta yi laushi, tana yoyon ruwa mai ɗoyi. Maimakon in ce Allah ya kyauta in kama gabana, sai neman suna ya motsa.

"Baba, ai wannan aikina ne. Doya nake sayarwa a kasuwar Shasha."

"Ka tabbata, Nasiru?"

"Haba Baba!"

Na zaro wuƙa na yanke ruɓaɓɓen wurin. Daga nan (wallahi ba wanda ya aike ni) na tono sauran duka, na ɗan tsaga kowacce da wannan wuƙar don in duba lafiyarsu. Na mayar, na maka musu ruwa har ya kwanta. Ya yi ta sa mini albarka, ni ko ina ta hura hanci.

Ashe ƙwayar cuta ce, wuƙa take bi, kuma ba abin da take so irin ruwa. Wani mai sayar da fulawa a unguwar Mokola ne ya faɗa masa, bayan komai ya narke. Rukayya ta kira ni: "Baba ko tuwo bai ci ba. Kai ne likitan doya, ko?" Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi.

Ranar neman auren na raka su kawu har ƙofar gida, na laɓe a zaure. Alhaji ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a tsakiyar bokitan nan. Kawu Bala ya fara jawabi yana toshe hanci da bakin rawani, can ya kasa daurewa.

"Alhaji, ko ɓera ne ya mutu?"

"A'a, aikin ɗanku ne. Nasiru, shigo, ina ganin ƙafarka."

Na shigo na durƙusa, na rasa inda zan sa fuskata. Ya bi bokitan ɗaya bayan ɗaya yana gaya wa kawunnena sunan kowacce marigayiya. Kawu Bala, don ruɗewa, har da "Allah ya jiƙanta."

Da ya gama sai ya ce, "Na ba ku Rukayya. Amma ko ciwon kai ta yi, a kawo mini ita gida. Kada ya ce zai duba ta."

Tun daga ranar, in na je gidan surukai aka ce wani abu ya lalace, ko rediyo ne, sai in tura hannuwana cikin aljihu in ce, "Ayya, Allah ya kawo wanda ya iya."