Filin da na mayar babur

Ina da fili a bakin hanyar Keffi zuwa Abuja, lokacin da babu komai a wurin sai ciyawa da ɗorawa guda. Da hankalina na sayar da shi, na zuba kuɗin a garejin Bulus, wani bakanike a Tudun Ƙofa mai ƙera babur mai doguwar kujera, wadda ke ɗaukar mutum uku da buhun masara.

Matata ta ce, "Malam, fili fa ba ya shan mai."

Na ce, "Ke dai ki shirya, baɗi matar Ciyaman na kamfani za a riƙa ce miki."

Babur bakwai muka ƙera aka hana acaɓa shiga cikin Abuja. Bulus ya koma facin taya, ni kuma na tashi da babur ɗaya da ko juyawa ba ya yi a lungunmu.

Yanzu otal ne a filin. Ɗorawar tana nan, kuma duk sanda mota ta wuce da ni, ina waiwayenta har wuyana ya ƙage.

Babur ɗin kuwa, a kan kujerarsa matata ke shanya kuɓewa. Da hadari ya taso sai ta ƙwala mini kira: "Ciyaman, a zo a kwashe kayan kamfani!"