Hoton Sa a Gurbin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe ɗakin kwamfuta na makarantarmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Rogo ba za su bar ni ba. Har gobe in na tsaya sayen tsire a bakin tasha sai an sami wanda zai ce, "Malam, ya san naka?" Ni kuma in yi dariyar yaƙe in wuce.

Ni mutumin Ƙaraye ne, amma a wata makarantar al'umma da ke Rogo Sabon Gari nake koyar da kwamfuta. (Kafin lokacin da nake ba ku labari, a allo nake zana kwamfutar da alli, yara su kwafa a littafi. Da yawansu ba su taɓa taɓa ta ba.) Sai Allah ya kawo wani bawan Allah daga Fulatan, Alhaji Buba, mai dukiyar shanu, ya sayo mana kwamfutoci goma na hannu da janareta da majigi, kyauta.

To ga inda gizo ke saƙar. Alhaji Buba shi ne mahaifin Rakiya, yarinyar da nake nema. Kawuna, Kawu Ado, ya riga ya jagoranci manya sun je gaisuwa, aka karɓe su da mutunci, aka ce su ba da lokaci za a yi bincike. Rakiya ta tsegunta min cewa abin da ke damun Baban shi ne bai gane sana'ata ba. Wai ya ce, "Mutum ya wuni yana danne-danne, wannan zai riƙe gida kuwa?" Da na ji an sa ranar buɗe ɗakin kuma shi ne babban baƙo, sai na ce yauwa, ranar zan nuna masa cewa danne-danne ma ilimi ne.

Dabarar da ta zo min ita ce in yi wa shafin shiga kwalliya. Shafin shiga shi ne abin da kwamfuta ke fara nunawa in an kunna ta, inda ake rubuta suna da kalmar sirri. Na tsara shi tsaf: koren bango, hoton Alhaji a tsakiya, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe, ALHAJI BUBA, UBAN WANNAN ƊAKI, ALLAH YA ƘARA GIRMA. Hoton kuwa Rakiya ce ta turo min ta waya, wanda ya ɗauka da ya dawo daga Makka, ya sha babbar riga da rawani. (Ni dai ba zan iya tunkarar surukina in ce ya tsaya in ɗauke shi hoto ba. Ko sunansa ba na iya kamawa a baki, yanzu ma da nake rubutawa sai da na waiga.)

Ana gobe taro na haɗa komai a kwamfutar da ke jone da majigi, na kashe na kunna. Baƙi ƙirin. Rubutun ya fito, akwatin kalmar sirri ya fito, amma inda hoto zai zauna wayam. Na sake kunnawa, haka. Na duba sunan hoton ko na rubuta babban baƙi a wajen ƙarami, daidai yake. Na sauya masa nau'i. Na goge kwalliyar gaba ɗaya na sake ɗorawa. Wallahi har hura wa kwamfutar iska na yi ta baya, kamar mai hura wuta a murhu. Kuma tsofaffin nan in ka kashe su, kafin su farfaɗo ka isa ka yi alwala ka dawo.

Shugaban makaranta, Malam Sani, ya leƙo ya tarar da ni ina sharce gumi.

"Malam, lafiya dai? Ko mu kira wani daga Kano ya duba mana?"

Wannan magana ta soke ni. A kira wani daga Kano, labari ya kai Fulatan cewa mai neman Rakiya ya kasa? Na ce, "Haba ranka ya daɗe, ƙaramin abu ne, yanzu zan gama."

Sai tunani ya zo min cewa ƙila hoton ne ya yi wa kwamfutar nauyi. Bari in gwada da wani ƙarami. Na buɗe wayata, hoton farko da na ci karo da shi na ɗauka, na san da nake kiwo.

Dole in yi muku bayanin san nan. Na saye shi a kasuwar Ƙaraye da niyyar in turke shi ya yi ƙiba in sayar in yi hidimar biki. Sai aiki ya ɗauke min hankali, kullum ina kan babur tsakanin Ƙaraye da Rogo, in na tuna in watsa masa kara, in na manta shi ke nan. Ya rame har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, tozonsa ya kwanta gefe guda, ido duk kwantsa. Hoton ma na ɗauka ne don in tura wa malamin dabbobi ya gaya min abin da ke damunsa, ban kuma tura ba. A ɗaure yake a jikin katangar banɗaki, ya kalli kyamara kamar mai shirin kai ƙara.

Na jefa hoton kai tsaye cikin foldar kwalliyar, na kashe na kunna. Sai ga sa ya fito raɗau, ga sunan Alhaji a ƙasansa! Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na tuna ko wane ne na yi istigfari. Na ce shi ke nan, nauyi ne matsalar. Na rage girman hoton Alhaji, na ajiye shi a foldata inda yake tun farko, na nuna wa kwalliyar hanyarsa. Don na gaji da kashewa da kunnawa, sai na danna wajen gwaji kawai bayan na riga na shiga da sunana, Alhaji ya fito tas da rawaninsa. Na kwafe komai a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na zuba wa sauran tara. Ina gamawa man janareta ya ƙare, Malam Sani ya sa aka lulluɓe kwamfutocin da sabon yadi, ya kulle ɗaki ya jefa makulli a aljihu.

Abin da ban gane ba a ranar shi ne nauyi ba shi da laifi ko kaɗan. Shafin shiga kamar mai gadi yake a bakin ƙofa, ba shi da izinin shiga foldata kafin ni in shiga. In ya nemi hoton da aka ce ya nuna bai samu ba, sai ya ɗauki duk wanda ke cikin tasa foldar. Da farko babu komai a ciki, shi ya sa na ga baƙi. Yanzu kuwa na ajiye masa sa, ban kuma goge ba.

Washegari da hantsi wuri ya cika. Ga dagaci, ga liman, ga kansila, ga iyayen yara daga Gwangwan da Fulatan, ɗalibai sun yi cincirindo a tagogi. Har Kawu Ado na gayyato takanas daga Ƙaraye, na ce ya zo ya ga abin alfahari. (Ku ji fa, ni da kaina na biya masa kuɗin mota ya zo ya shaida.) Na sha farar shadda, na kafa hula, ina tsaye gefen majigi ina ta murmushi.

Bayan addu'a da jawabai, Malam Sani ya karɓi lasifika ya ce, "Jama'a, malaminmu na kwamfuta ya shirya wa Alhaji wata karramawa ta musamman. Da zarar an kunna, za ku ga Alhaji kamar yadda muke ganinsa a zukatanmu."

Aka yaye yadi, aka yi tafi. Na durƙusa na nuna wa Alhaji maɓalli, kaina a ƙasa. Ya yi bismillah ya danna. Malamai suka bi sauran suna kunnawa.

Kwamfutar ta yi gurnaninta, bango ya yi haske, koren ya fito. Sai ga shi. San nan nawa, ya cika bangon aji tun daga sama har ƙasa, haƙarƙari a waje, kwantsa a ido, katangar banɗaki a bayansa har da buta. A ƙasa kuma, da baƙaƙen da na zaɓa da hannuna don a gani daga nesa: ALHAJI BUBA, UBAN WANNAN ƊAKI, ALLAH YA ƘARA GIRMA.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na yi mutuwar tsaye. Tafin da aka fara ya tsinke a tsakiya. Liman ya ce "Subhanallahi" a hankali. Malam Sani ya saki baki, lasifika a hannu. Ban gama farfaɗowa ba sauran kwamfutocin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce da nata san, ɗakin ya koma kamar wajen sayar da shanu ranar kasuwa. Wata ɗaliba a taga ta kasa riƙewa ta fashe, sauran suka ɗauka. Na dubi Kawu Ado, ya cire hula yana kallon cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

Na zabura zan fizge wayar majigi, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bar shi."

Ya miƙe, ya taka har gaban bango, ya goya hannu a baya yana kallo. Ya juya ya yi wa ƙaninsa wata magana da Fillanci, ƙanin ya girgiza kai. Ni dai na san ta ƙare, ina jiran a ce na zagi dattijo a bainar jama'a.

"Malam," ya ce, "san waye wannan?"

Na ce, "Allah ya ƙara girma, kuskure ne, na'ura ce ta..."

"Ban tambaye ka na'ura ba. San waye?"

"Nawa ne, Baba."

"Naka. A hannunka ya koma haka?"

Na ce eh da kai.

Ya juya ga jama'a. "Ni ban ji haushin an sa sunana a ƙarƙashin sa ba. A bayansu na tashi, da su na je Makka, da su na sayo waɗannan abubuwan. Da lafiyayye ne, cewa zan yi a wanke min in rataya a ɗaki." Ya nuna bangon da sandarsa. "Amma wannan? Malam Ado, wannan ne yaron da kuka zo min da maganarsa?"

Kawu ya ce, "Shi ne, Alhaji," kamar wanda aka kama da kayan sata.

"To ka ji. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, ga yadda ya bar ta. Ita ma 'yar tawa kunya gare ta, ko tana jin yunwa ba za ta zo ta faɗa min ba. A ajiye maganar nan tukuna. Ran da san nan ya cika, a kawo min shi Fulatan in gani da idona, ba a bango ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na shirya wa kunyar kwamfuta, sai ga shi an tone ni ta inda ban taɓa zato ba, kuma babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Ya koma kujerarsa ya ce a ci gaba da taro. Haka aka raba lemo da cincin, sa goma sha ɗaya na kallonmu, don ba wanda ya yi ƙarfin halin kashewa bayan Alhaji ya ce a bari.

Da yamma Rakiya ta kira ni, ban san kuka take ko dariya ba. "Duk hotunan da ke wayarka ka rasa na gwaji sai wannan? Ko bishiya babu?"

Gyaran shafin shiga, da na gano inda matsalar take, bai kai shan ruwa ba: na mayar da hoton Alhaji cikin foldar kwalliyar, na goge san, na kashe na kunna, shi ke nan. Gyaran san nan kuwa ya ci min damina guda har da kaka. Malamin dabbobi ya ce tsutsar ciki ce da yunwa, ya ƙara da cewa yunwar ta fi yawa. Na koma yankan ciyawa kafin in tafi makaranta, ina ɗauro harawa daga Gwangwan a bayan babur, ga dusa, ga kanwa, farar shaddar nan ma a wajen ta mutu. Ɗalibai in sun gan ni da kaya sai su ce, "Malam, a gaida Uban Ɗaki."

Bayan an gama girbin gyaɗa muka loda shi a a-kori-kura, ni da Kawu, sai Fulatan. Alhaji ya zagaya shi, ya danna tozo, ya buɗe baki ya duba, ya shafa wuyansa. San ya juyo ya lashi hannuna. Alhaji ya kalli wannan, ya juya wajen Kawu ya ce, "To, ku turo a sa rana."

Darasin da na koya biyu ne. A wajen aiki, ba na ƙara yarda da abin da na gani ina ciki, sai na kashe na kunna na ga abin da baƙo zai gani. A gida kuwa, duk abin da ke ƙarƙashin kulawata, daga Rakiya har kajinta, ina ciyar da shi ne kamar gobe za a haska shi a bango a gaban surukina.